Wasiƙun Marubutan Ayalan da Editocinsu da Malamansu: Tambayoyi da Amsoshi

Ayalan tsibiri ne da ke yamma da Birtaniya. Mutanensa ba su da yawa, amma ya fitar da marubuta huɗu da suka karɓi kyautar Nobel ta adabi: W. B. Yeats a 1923, George Bernard Shaw a 1925, Samuel Beckett a 1969, da Seamus Heaney a 1995. Bayan littattafai, waɗannan mutane da tsararrakinsu sun bar tulin wasiƙu da suka rubuta wa juna, da editoci, da masu maɗaba'a, da malaman jami'a. Ga amsoshin tambayoyin da mai sha'awar adabi kan yi idan ya fara leƙa wannan rumbu.

Tunda littattafansu na nan, me za a nema kuma a cikin wasiƙu?

Littafi kamar tuwo ne da aka kawo a akushi, an mulmula shi, an zuba miya. Wasiƙa ce ke shigar da mutum madafa ya ga hayaƙin da aka sha. Wanda ya zaci zai tarar da manyan marubuta suna musayar hikima dare da rana zai yi mamaki, domin mafi yawan abin da ke ciki maganar kuɗi ce: kuɗin haya, bashi, ladan rubutu da bai iso ba, mai maɗaba'a da ya riƙe takardu wata shida bai ce uffan ba. A tsakiyar wannan ƙorafin ne jefi-jefi marubuci kan faɗi abin da yake nufi da aikinsa, kuma sau da yawa fushi ne ke sa shi faɗa. Kusan duk bayanin da James Joyce ya yi a kan littafinsa na gajerun labarai, Dubliners, ya yi shi ne yana rigima da wanda ya ƙi buga masa shi.

Me ya sa marubutan wannan ƙasa suka yawaita rubuta wasiƙa haka?

Dalili na farko ƙaura ce. Shaw ya bar Dublin zuwa Landan a 1876. Joyce ya fita a 1904 tare da masoyiyarsa Nora Barnacle, ya zauna a Trieste da Zurich da Paris, kuma daga 1912 bai sake taka ƙasarsa ba har ya rasu a 1941. Seán O'Casey ya koma Ingila a 1926, Beckett ya kafa zama a Paris a 1937. Marubuci yana wata ƙasa, mai buga littafinsa yana Landan ko New York, danginsa da abin da yake rubutu a kai suna Dublin. In ba ta gidan waya ba, ta ina za su haɗu?

Na biyu, aika wasiƙa ya yi arha. Daga 1840 kan sarki na peni ɗaya yana kai wasiƙa ko'ina a Birtaniya da Ayalan, wadda a lokacin take ƙarƙashin mulkin Landan. Shaw ya ci moriyar wannan fiye da kowa. An ƙiyasta cewa wasiƙu da katunan da ya rubuta a rayuwarsa sun kai kusan 250,000. Da masu tambaya suka ishe shi, sai ya sa aka buga masa katuna masu amsa a shirye: ɗaya na masu neman ya yi musu lacca, ɗaya na masu neman sa hannunsa, ɗaya na masu tambayar dalilin da ya sa ba ya cin nama.

Wace rigima ce tsakanin marubuci da mai maɗaba'a ta fi shahara?

Ta Joyce da Grant Richards na Landan, kuma ta cancanci a tsaya a kanta. A Fabrairun 1906 Richards ya amince zai buga Dubliners. Joyce, yana koyar da Turanci a Trieste cikin talauci, ya ƙara aika wani labari mai suna Two Gallants. Richards ya miƙa wa mai injin bugawa ba tare da ya karanta ba, shi kuwa ya karanta ya ce ba da shi ba. A dokar Ingila ta lokacin, idan aka sami littafi da laifin batsa, har mai injin ana iya gurfanarwa, don haka yana da bakin magana. Daga nan aka bi sauran labaran da jan alƙalami. An tsaya a kan kalmar nan ta Turanci, bloody, wadda a yau ba wanda zai ɗaga kai don ita, da kuma wata jimla game da mace da ke sauya zaman ƙafafunta.

Wasiƙun da Joyce ya mayar a Mayu da Yunin wannan shekara su ne ɗalibai ke haddacewa har yau. Ya ce nufinsa shi ne ya rubuta babi ɗaya na tarihin ɗabi'un ƙasarsa, kuma ya zaɓi Dublin ne domin a ganinsa nan ce cibiyar shanyewar jiki. A wata kuma ya gaya wa Richards cewa zai jinkirta wayewar Ayalan idan ya hana mutanenta su kalli kansu sau ɗaya a madubinsa da ya goge tas. Ka tuna mai wannan magana ɗan shekara 24 ne da bai taɓa buga littafi ba. Akwai girman kai a ciki, amma akwai wayo. Ya yi ciniki kamar ɗan kasuwa: zai cire kalmar a wurare kaza in an bar masa ita a wuri ɗaya. Har ya nuna wa Richards wasu wuraren da mai injin bai lura da su ba, yana nufin ya nuna rashin kan gadon abin, sai Richards ya ce to su ma a cire. Ƙarshenta aka mayar masa da takardunsa.

A 1909 ya ƙulla da kamfanin Maunsel na Dublin, inda George Roberts ke jan ragama. Nan kuma sabuwar fitina ta tashi: Joyce ya ambaci shaguna da mashaya na gaske da sunayensu, kuma wani a cikin labarin ya yi maganar da ba ta dace ba a kan Sarki Edward na Bakwai. Aka yi shekara uku ana kai-kawo. A Satumbar 1912 mai injin ya lalata shafukan da aka riga aka buga, Joyce ya tsira da kwafi ɗaya na gwaji, ya hau jirgi, a hanya ya rubuta waƙar habaici a kan Roberts. A Yunin 1914 Richards ɗin nan da ya ƙi tun farko shi ya buga littafin, bisa sharaɗin Joyce zai sayi kwafi 120 da kuɗinsa.

Da gaske ne ya kai ƙara wurin Sarkin Ingila?

Da gaske. A Agustan 1911 ya aika wa Sarki George na Biyar shafin da ake rigima a kai, ya tambaye shi ko yana ganin cin mutunci ne ga marigayi mahaifinsa. Sakataren fada ya amsa cewa ba al'adar sarki ba ce ya faɗi ra'ayi a irin wannan, ga takardunka. Joyce ya haɗa labarin duka ya aika wa jaridu. Jaridar Sinn Féin ta Dublin ta buga har da shafin.

Ta yaya wanda ya bar Dublin ya iya siffanta ta titi-titi a cikin Ulysses?

Da taswira, da littafin adireshi na birnin, da ƙwaƙwalwa, da kuma matar kawunsa, Josephine Murray. Ita yake aika wa tambayoyi. A 1921 ya rubuta mata yana so a duba masa ko mutum mai matsakaicin ƙarfi zai iya haura shingen ƙarfe na gida mai lamba 7 a titin Eccles, ya rataya, ya diro ƙasa bai ji ciwo ba, domin haka yake so jarumin littafinsa ya yi bayan ya manta makulli. Littafin ya fito a Paris ran 2 ga Fabrairu 1922, a hannun Sylvia Beach, Ba'amurkiya mai shagon littattafai. Tun kafin nan ta aika wa Shaw takardar neman ya yi odar kwafi. Ya amsa cewa in tana zaton akwai ɗan Ayalan, balle dattijo, da zai biya faran 150 don littafi, to ba ta san mutanen ƙasarsa ba.

Mene ne aikin editocin mujallu a cikin wannan tarihi?

Su ne masu buɗe ƙofa, kuma yawanci da 'yar gajeruwar wasiƙa suke buɗewa. George Russell, wanda ke sa hannu da AE, yana aiki da Irish Homestead, jaridar ƙungiyoyin manoma. A 1904 ya rubuta wa Joyce ko zai iya rubuta ɗan labari mai sauƙi wanda ba zai tayar wa masu karatu hankali ba, a ba shi fam ɗaya. Labarin farko na Dubliners a can ya fito, tsakanin tallan injinan sarrafa madara da farashin man shanu, Joyce kuwa ya ɓoye sunansa don kunya.

A Disambar 1913 Ezra Pound, wanda Yeats ya ba shi labarin Joyce, ya rubuta masa daga Ingila ko yana da abin bugawa. Ta nan Joyce ya haɗu da Harriet Shaw Weaver, editar mujallar The Egoist, wadda ta ɗauki nauyinsa shekara da shekaru, da farko ma a ɓoye ta hannun lauyoyi. Wasiƙun da ya riƙa aika mata yana fassara mata kalmomin littafinsa Finnegans Wake ɗaya bayan ɗaya sun zama makullin da manazarta ke amfani da shi. Wani abin ban tausayi shi ne ita kanta ba ta gamsu da littafin ba, ta kuma faɗa masa a rubuce, abin ya kwantar da shi, amma ba ta daina aika kuɗi ba.

Daga baya aka yi Seumas O'Sullivan da The Dublin Magazine daga 1923 zuwa 1958, da Seán O'Faoláin da ya kafa The Bell a 1940 yana faɗa da dokar tace littattafai ta 1929. A ƙetare, William Maxwell na The New Yorker ya yi kusan shekara ashirin yana musayar wasiƙa da Frank O'Connor, mutumin da ba ya gajiya da gyara labari ko bayan an buga shi. Charles Monteith na kamfanin Faber kuwa, haifaffen arewacin Ayalan, ya ga waƙoƙi uku na wani matashin malami a mujallar New Statesman a ƙarshen 1964, ya rubuta masa a Janairun 1965 ko yana da sauran. Matashin shi ne Heaney, kuma kundinsa na farko ya fito a 1966.

An ce wasiƙa ɗaya ta raba Yeats da O'Casey. Yaya aka yi?

O'Casey lebura ne da ya zama marubucin wasan kwaikwayo. Wasanninsa uku na 1923 da 1924 da 1926 su suka cika gidan wasa na Abbey da 'yan kallo a lokacin da aljihun gidan ya bushe. Da aka yi bore a kan na ukun, Yeats da kansa ya hau dandamali ya kare shi. Sai a 1928 O'Casey ya aiko da sabon wasa, The Silver Tassie, a kan Yaƙin Duniya na Ɗaya. Yeats, ɗaya daga daraktocin gidan, ya ƙi karɓar wasan, ya rubuta masa a Afrilu cewa ba shi da jigo, cewa yaƙin bai dame shi da gaske ba, tunda bai taɓa tsayawa a fagen fama ko ya zaga asibitocin sojoji ba. Lady Gregory, abokiyar tafiyar Yeats a gidan, ta haɗa wannan da ra'ayin sauran daraktoci ta aika masa duka, tana ganin gaskiya ta fi. An kuma ba shi shawara ya ce wa 'yan jarida shi ya janye wasan don gyara.

Nan ne aka taɓa shi. Ya amsa da tambaya: shin Shakespeare ya je Actium ko Philippi kafin ya rubuta yaƙe-yaƙensu? Sa'an nan ya kwashe wasiƙun gaba ɗaya ya ba jaridu, The Observer ta Landan ta buga su a watan Yuni. A ganina Yeats yana da ɗan abin faɗa a kan wasan, amma ya faɗe shi da muryar mai gida ga ɗan haya, ga mutumin da ya ciyar da gidan. An nuna wasan a Landan a 1929, Abbey ta nuna shi a 1935 bayan sun ɗan shirya, amma O'Casey bai sake zama a Ayalan ba.

Gidan Abbey dai ya saba da saƙo mai zafi. A Janairun 1907, daren farko na wasan J. M. Synge, The Playboy of the Western World, Yeats yana Sukotlan. Lady Gregory ta buga masa tangaraho cewa wasa ya karɓu. Bai daɗe ba na biyu ya iso: 'yan kallo sun watse cikin hargitsi a kan kalmar shift, wato rigar ciki ta mata.

Ina malaman jami'a da manazarta suka shigo?

Tun kafin waɗannan duka. Daga 1834 zuwa 1841 John O'Donovan ya zaga ƙasar, yawanci a ƙafa, yana yi wa hukumar safiyo aikin tantance sunayen garuruwa da ƙauyuka na harshen Gelik, harshen ƙasar na asali, don a san yadda za a rubuta su a taswira. Kusan kullum yana aika rahoto ga Thomas Larcom a Dublin. Aikin ofis aka ba shi, amma wasiƙun sun cika da tarihin dangogi, da kufan majami'u, da abin da tsofaffi suka gaya masa, da ƙorafin ruwan sama da jiƙaƙƙen gado. 'Yan shekaru bayan nan yunwar 1845 zuwa 1852 ta kashe kusan mutum miliyan ɗaya, ta kori wani miliyan, kuma yankunan masu Gelik ta fi yi wa ɓarna. Da yawa daga abin da tsofaffin nan suka sani, a wasiƙunsa kawai ya saura. Suna ajiye a Royal Irish Academy.

Sai rigimar 1899. Wata hukuma tana duba manhajar makarantun sakandare, sai shehunan malamai biyu na Kwalejin Trinity, John Pentland Mahaffy da Robert Atkinson, suka ba da shaida cewa tsohon adabin Gelik ba shi da abin koyarwa: wanda ba na addini ba, ko shirme ne ko batsa. Douglas Hyde, shugaban ƙungiyar farfaɗo da harshen da aka kafa a 1893, bai tsaya cacar baki ba. Ya kwafe shaidar ya aika wa masana harsunan Seltik na Turai, irin su Ernst Windisch a Leipzig, da Heinrich Zimmer a Greifswald, da Georges Dottin a Rennes, da Holger Pedersen a Kopenhagen, da Kuno Meyer a Liverpool. Amsoshinsu suka dawo suna yabon adabin, ya ajiye su gaban hukuma, harshen ya tsira a manhaja. Akwai ɗaci a ciki: sai da baƙi suka yi shaida kafin a yarda da darajar abin gida. Hyde ɗin nan shi ya zama shugaban ƙasar Ayalan na farko a 1938.

Meyer, Bajamushe, ya kafa makarantar nazarin harshen a Dublin a 1903 da mujallar Ériu a 1904. Dublin da Cork suka ba shi lambar ɗan gari. Da yaƙi ya tashi ya yi jawabin goyon bayan Jamus a Amurka a Disambar 1914, sai biranen suka goge sunansa a 1915, abokai kuma suka yanke wasiƙa da shi. An mayar da sunan a 1920, shekara ɗaya bayan rasuwarsa.

Akwai littafin da wasiƙa ce ta haife shi gaba ɗaya?

Akwai, daga tsibirin Blasket Babba, can ƙuryar kudu maso yamma. Tomás Ó Criomhthain masunci ne kuma manomi da ya koyi rubuta Gelik yana babba. Wani matashi daga Killarney, Brian Ó Ceallaigh, ya zo koyon harshe wurinsa a 1917, ya kwaɗaita masa rubuta rayuwarsa. Da ya tafi sai ya riƙa aiko masa da takarda, shi kuma dattijon yana cikewa yana mayarwa ta gidan waya, shekara da shekaru. Takardun suka faɗa hannun edita Pádraig Ó Siochfhradha, wanda ake kira An Seabhac, ma'ana shaho. Ya nemi ƙari a wasu wurare, ya yanke wasu da yake ganin ba su dace da ɗalibai ba, aka buga An tOileánach a 1929. Sai a 2002 aka fitar da bugun da ya mayar da abin da aka cire. Wata matar tsibirin, Eibhlís Ní Shúilleabháin, ta yi shekara ashirin daga 1931 tana rubuta wa wani Bature a Landan labarin yadda matasa ke ƙaura. An kwashe sauran mazauna tsibirin a 1953.

Duk wasiƙar da ke ɗauke da suna, mai sunan ne ya rubuta?

A'a, musamman idan Brian O'Nolan yana kusa. Ma'aikacin gwamnati ne, ba a yarda ya tsoma baki a jarida da sunansa ba, don haka ya zama Flann O'Brien. A 1939 da 1940 shi da abokansa suka mamaye shafin wasiƙun masu karatu na Irish Times da sunayen bogi. Ya rubuta wasiƙa, gobe ya ƙaryata kansa da wani suna, jibi ya zo a matsayin na uku ya zagi duka biyun. O'Connor da O'Faoláin sun sha ba'a a hannunsa. Editan jaridar, R. M. Smyllie, ya ga gara ya jawo shi ciki, ya ba shi fili. Ran 4 ga Oktoba 1940 aka fara filin nasa mai suna Cruiskeen Lawn, wanda ya ci gaba har rasuwarsa a 1966. Wasiƙunsa na gaske kuma sun tona wata ƙaryar. Da kamfanin Longmans ya ƙi littafinsa The Third Policeman a 1940, ya gaya wa abokai cewa takardun sun ɓace. Suna gidansa. An buga littafin a 1967.

Me ya sa wani lokaci ɓangare ɗaya kawai na hira ake samu?

Domin wuta da magada. Yeats da Maud Gonne, 'yar gwagwarmayar 'yancin Ayalan, sun yi fiye da shekara arba'in suna rubuta wa juna, amma kundin da aka buga a 1992 kusan duk muryarta ce. Shi ya adana nata, nasa kuwa mafi yawansu sun halaka lokacin da sojojin gwamnati suka kai samame gidanta a yaƙin basasa na 1922 zuwa 1923. A yaƙin nan ne kuma ma'ajiyar takardun gwamnati da ke Four Courts ta ƙone ran 30 ga Yuni 1922, da takardun ƙarnoni a ciki.

Wani lokaci da gangan ne. A 1988, a taron masana Joyce a Venice, jikansa Stephen ya sanar cewa ya lalata wasiƙun da goggonsa Lucia, 'yar Joyce, ta rubuto masa daga asibitin masu taɓin hankali, da wasu saƙonnin Beckett zuwa gare ta. Ya ce sirrin iyali ne. Masana suka yi ca, amma abin da ya tafi ya tafi.

Akwai kuma wanda ya ceci takarda da ransa. Paul Léon, Bayahude ɗan asalin Rasha da ya yi wa Joyce aikin sakatare, ya koma gidan Joyce a Paris bayan Jamusawa sun mamaye birnin, ya kwashe takardu, ya danƙa wasiƙun ga wakilin Ayalan da sharaɗin a kai su Laburaren Ƙasa a Dublin, kada a buɗe sai shekara hamsin bayan rasuwar Joyce. An kama Léon a 1941, aka kashe shi a 1942. An buɗe akwatunan a 1992.

Ya halatta a karanta abin da mutum ya rubuta don ido ɗaya kawai?

Nan ra'ayi ya rabu, kuma ni ban ga amsa mai daɗi ba. Wasiƙun da Joyce ya rubuta wa Nora a ƙarshen 1909, na tsakanin masoya ne tsantsa, ba abin da za a maimaita a nan. Richard Ellmann ya buga su cikakku a 1975. A 2004 aka yi gwanjon ɗaya a Landan a kan fam 240,800. Masu karewa sun ce suna haska yadda ya ƙirƙiri muryar mace a ƙarshen Ulysses. Wataƙila. Amma da wuya a ce don nazari aka biya wancan kuɗi.

Beckett ya yi ƙoƙarin toshe ƙofar tun yana raye. A 1985 ya yarda a buga wasiƙunsa bisa sharaɗin sai waɗanda suka shafi aikinsa. To ina iyakar aiki ga mutumin da ke rubuta wa abokinsa Thomas MacGreevy labarin ciwon zuciyarsa da rigimarsa da mahaifiyarsa, alhali su ne kayan da yake gina littafi da su? Editoci da magada sun daɗe suna ja-in-ja. An gano wasiƙu sama da 15,000, aka buga kusan 2,500 a juzu'i huɗu daga 2009 zuwa 2016.

Wa ke da wasiƙa, wanda ya rubuta ko wanda aka aika wa?

Takarda da tawada na wanda aka aika wa ne, yana iya sayarwa ko ya ƙona. Kalmomin kuwa na marubuci ne da magadansa, a Tarayyar Turai har shekara 70 bayan rasuwarsa. Shi ya sa laburare kan mallaki wasiƙa, ya bar ka ka karanta, amma ya hana ka bugawa. Manazarciyar nan Carol Shloss, da ta rubuta tarihin Lucia, sai da ta kai magadan Joyce kotu a Amurka a 2006 kafin ta sami damar amfani da abin da aka sa ta cire.

Takardun kansu sun warwatse. Akwai a Laburaren Ƙasa da Kwalejin Trinity a Dublin, da Laburaren Birtaniya, amma kaso mai tsoka yana jami'o'in Amurka masu kuɗin saye: Cornell, Buffalo, Texas, da Emory inda wasiƙun Heaney da yawa suke. Mai binciken marubuci ɗaya kan bi ƙasashe uku kafin ya haɗa tambaya da amsarta.

Wayar tarho da intanet sun kashe wannan al'ada?

Sun rage ta, amma ta daɗe ba ta mutu ba. John McGahern, wanda aka haramta littafinsa The Dark a 1965 har ya rasa aikin koyarwa, ya ci gaba da wasiƙa har ƙarshen rayuwarsa, an buga su a 2021. Heaney ya rubuta su a jirgin sama da otal, galibi yana farawa da ban haƙurin jinkiri, daga baya ya koma faks. A 1983 ma ya yi wasiƙa a waƙe zuwa ga editoci biyu da suka sa shi a kundin mawaƙan Birtaniya, yana tunatar da su cewa fasfonsa kore ne. Saƙonsa na ƙarshe ta wayar hannu ya aika wa matarsa daga asibiti ran 30 ga Agusta 2013, kalma biyu na Latin masu nufin kada ki ji tsoro. Kundin wasiƙunsa ya fito a 2023.

Wanda ke nesa da Dublin, ta ina zai fara?

Ya fara da bugaggun kundaye, domin editoci sun riga sun sha wahalar. Zaɓaɓɓun wasiƙun Joyce na 1975 sun fi sauƙin shiga, sai juzu'in farko na Beckett mai ɗauke da 1929 zuwa 1940. Na Yeats, da John Kelly ya fara fitarwa a Oxford a 1986, ya bar kurakuran rubutunsa yadda suke, kuma suna da yawa, don mutumin bai iya jera haruffa ba. A intanet akwai aikin Letters 1916-1923 da aka fara a 2013, inda aka ɗora hotunan wasiƙun manya da na talakawa, masu sa kai suna kwafe su. Wanda kuma ya sami zuwa laburare don ganin na asali, ya tafi da fensir, domin ba a shiga ɗakin da biro, ya kuma ware lokaci mai yawa idan Beckett zai karanta: rubutun hannunsa ya sa editocinsa sun sha zama su huɗu a kan kalma ɗaya, wani wurin kuma dole suka sa alamar tambaya suka wuce.